Yadda ake gane tafasa a daji da yadda ake tsinkarta

Tafasa ba a shuka ta. Ruwan Yuni na sauka sai ta fito da kanta a kufai, bakin hanya, juji da tsohon mashekarin shanu, daga Kware har Dange a jihar Sakkwato. Asalinta ƙasashen Amurka masu zafi ne, amma ta bazu daga Sanagal har Sudan, inda ake ruɓar da ganyenta a yi wani kayan miya da ake kira kawal.

Abu na farko shi ne kada ka haɗa ta da rai-ɗore, domin wuri ɗaya suke fitowa, furensu duka rawaya ne. Ɗauki ganye ɗaya ka ƙirga. Na tafasa ƙananan ganye shida ne, uku nan uku can, bakinsu a zagaye, biyun ƙarshe sun fi faɗi. Na rai-ɗore takwas ne ko goma, masu tsini kamar mashi, in ka murza su warinsu ya fi hawa kai. Kwasfar 'ya'yan tafasa siririya ce, ta lanƙwashe kamar lauje, ta rai-ɗore kuwa a baje take. Da magariba ganyen tafasa kan rufe, saboda haka da safe za ka fita.

Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne lokaci. Sai su bari ta kai ƙugu, ta yi fure, sannan su zo suna zagar ganye daga ƙasa har sama. Wannan ganyen ya tsufa: ga ɗaci, ga tauri, ga sa gudawa. Tun tana tsawon taƙi ɗaya zuwa gwiwa ake binta, cikin Yuli da farkon Agusta. Toho na sama kawai za ka tsinke da farce, kada ka tuge tushen, domin za ta sake yin rassa ka dawo. Ka guji ta gefen gonar da aka yi wa feshin kashe ciyawa, da ta bakin kwata, ko da ta fi kowace kore. Kyauta ce, ba dalilin kwaɗayi.

In kwaɗo za a yi, a dafa, a zubar da ruwan farko, a matse, sai ƙuli-ƙuli, albasa da yaji. Ta ajiya kuwa a baza kan tabarma a inuwa, ana juyawa. Rana kan sa ta yi ja. Sai ta rinƙa ƙaras a hannu za a zuba a buhu, in ba haka ba fumfuna za ta cinye ta tun kafin kaka.