Yadda Ake Gwada Sassan Ƙwai Don Gano Furotin, Maiƙo, Sukari da Sitaci

Malamin kimiyyar halittu a Zariya ba ya bukatar kaya masu tsada kafin ɗalibansa su gani da idonsu abin da ke cikin ƙwai. Ƙwai biyu daga kasuwar Sabon Gari sun wadatar, ko na kajin Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ko na zabi idan damina ce.

A fasa ƙwan a hankali, a ware farin daban, gwaiduwa daban, sannan a ɓare tantanin da ke manne a cikin ɓawo. A tsinka farin da gwaiduwar da ruwa mai tsabta, kashi ɗaya na ƙwai da kashi tara na ruwa. A ganina nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, domin gwaiduwa mai kauri tana rufe duk launin da ake nema, ɗalibi ya rubuta babu alhali akwai. Kowane gwaji kuma a ajiye masa kwalba guda mai ruwa zalla don kwatance.

Furotin da sinadarin Biyuret ake gano shi. A zuba mililita 2 na samfuri da mililita 2 na sinadarin, a girgiza, a jira minti biyar ba tare da ɗumamawa ba. Shuɗi zai koma shunayya. A farin ƙwai abin a fili yake, tunda kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, saura kuwa mafi yawa furotin ne. Gwaiduwa ma tana da furotin, har ta fi farin idan aka auna nauyi daidai, sai dai launinta na rawaya yana dusashe shunayyar. Tantanin ma yana rinewa idan aka bar shi ya jiƙa. Sinadarin yana cin fata, saboda haka a sa safar hannu.

Maiƙo ya fi sauƙi. A goga ɗanyen samfuri a farar takarda, a shanya, a ɗaga ta ga haske. Tabon gwaiduwa zai rage kamar na man gyaɗa, na farin kuwa ba zai bar maiƙo ba.

Don sukari, a haɗa samfuri da sinadarin Benedik, a tsoma kwalbar cikin ruwan zafi minti biyar. Kada a sa ran jan bulo, launin da ke nuna sukari mai yawa, domin sukarin gulukos ɗin ƙwai bai kai kashi 1 cikin 100 ba; idan an samu canji, ɗan kore ne, kuma furotin zai daskare ya yi gudaji.

Sinadarin aidin, wanda ake gano sitaci da shi, ba zai canza launi ba, domin ƙwai ba shi da sitaci. A ɗiga shi a kan koko domin ɗalibai su ga baƙin shuɗin da ake nufi, su kuma tabbatar sinadarin bai lalace ba.

Ɓawo kuwa yawancinsa ma'adini ne, dangin alli. A jefa guntunsa cikin ruwan khal, kumfar iskar kabon za ta fara tashi nan take.