Kurakuran da ake yi wajen sayen filasha mai araha ta hoton ƙarƙashin ruwa

Duk wanda ya taɓa nutso a Bahar Maliya, ko Dahab ne ko Hurgada a Masar, ya san wannan takaicin, ka ga murjani jajawur da hasken tocila, ka ɗauka, ka fito ka duba kyamara komai ya koma shuɗi. Ba laifin kyamararka ba ne. Ruwa shanye kala yake yi, ja ke fara tafiya tun wajen mita 5, sai ruwan lemo, sai rawaya. Filasha ta waje, wadda masu harkar ke cewa sitirob, ita ke dawo maka da su. To amma wajen sayenta ne mutane ke zubar da kuɗi.

Babban kuskure shi ne mutum ya kalli farashin filashar kaɗai ya ce ya samu mai arha. Ina! Akwai farantin da ake ɗaure kyamara a kai, akwai hannun da ke riƙe filashar da maƙalansa, akwai wayar faiba da ke kai mata hasken ƙaramar filashar kyamara don ta san lokacin tashi, ga batir AA guda 4 masu caji irin su Eneloop, kuma gara ka riƙe saiti biyu. Haɗa lissafin duka tukuna kafin ka ce kana da kuɗin.

Hannun nan kuwa don Allah kar ka yi masa rowa, shi ne rabin aikin. In filasha na manne da lens duk ƙurar da ke yawo cikin ruwa za ta haska ta dawo maka da farin ɗigo-ɗigo a hoto, daidai da direban da ya kunna fulayit cikin hazo, hazon kawai zai gani. Jawo ta gefe, ɗan karkata ta waje kaɗan yadda gefen hasken ne zai taɓa kifin.

Sai masu bin lambar ƙarfi da ke jikin kwali. Lambar nan yawanci a tudu aka auna ta, a ruwa ko mai tsadar ce da ƙyar take yin abin kirki bayan mita ɗaya da rabi. Ƙarama irin Inon S-2000 mai lamba 20 ta ishe ka hoton ƙananan halittu da kifi na kusa, kai dai matso, in kana jin ka matso to ƙara matsowa. Abin da ya fi dacewa ka duba shi ne faɗin hasken, ya kai digiri 100 ko kusa da haka.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne sayen mai otomatik zalla. Sea & Sea YS-03 misali TTL kawai take yi, wato kyamara ce ke zaɓar mata ƙarfin hasken da kanta, lafiya lau ga mai farawa, amma ranar da ka so rage haske a kan farin yashi ko kifi mai ƙyalli babu maɓallin da za ka murɗa. Ni dai in kuɗin ya kai, mai manuwal zan ce ka ɗauka ko da ta hannu ce, wadda wani ya taɓa amfani da ita. Kuma ka tabbata ta san ɗan ƙyaftawar farko da wasu kyamarori ke yi kafin ainihin filasha, in ba haka ba sai ta tashi da wuri hoton ya fito baƙi ƙirin. Mai kyamarar GoPro kuwa fitilar bidiyo ce tasa, don ba ta da filashar da za ta tayar da sitirob.

In ta hannun ce, buɗe gidan batir ka leƙa, ka ga tsatsa ko farin gishiri to ruwa ya taɓa shiga, ajiye musu kayansu. Zoben robar murfin kuma ciro shi ka share, gashi ɗaya ya isa ya sa ruwa ya shige, shafa masa giris ɗin kamfaninsa ɗan kaɗan, kuma duk fitowa daga teku ka jiƙa ta a ruwan daɗi kafin ka buɗe murfin.