Injin tsohuwar mota na kuka a titin Ibadan: yi lissafi kafin a sauke giyabos

Tsofaffin ƙananan motoci irin Corolla, Starlet, Sunny da Golf an ƙera su da ƙaramin inji, shi ya sa aka ba su gajeruwar giya, wato mai sa inji ya yi juyi da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya, don su iya jan kaya. A cunkoson Agege ko Mile 12 hakan alheri ne. Amma da ka hau titin Legas zuwa Ibadan maleji ya kai 100, sai allurar juyin inji ta tsaya wajen juyi 3,000 a minti ko sama, injin na ta kuka. Sau da yawa lafiyar motar ƙalau.

Ga yadda za ka tabbatar. Taya mai lamba 175/70 R13 kewayenta kusan mita 1.8 ne, don haka a gudun kilomita 100 tana juyawa kamar sau 920 a minti. Ninka wannan da rashiyon giyar da kake ciki (gear ratio, ba lambar giyar ba), ka sake ninkawa da na difaranshal, wato giyar da ke raba juyi ga tayoyi. Duka biyun ana samun su a littafin gyaran motar. Misali, giya ta biyar 0.8, difaranshal 4.0: juyi 2,950. Mai giya huɗu, wadda ta ƙarshenta 1.0 ce, za ta kusa 3,700.

In allura ta zarce lissafinka sosai, fara zargin kuloci. Sa giyar ƙarshe a gudun 60, ka danne totur. Inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba? Faifan kuloci ya cinye.

Mai otomatik ya duba ko fitilar O/D OFF na kunne, don in tana kunne motar ba ta shiga giyar ƙarshe. Sai kuma tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, wanda makanikai ke son cirewa wai don zafin Legas. Wannan kuskure ne: wasu Toyota ba sa shiga giyar ƙarshe sai ruwan inji ya ɗau zafi, ga shan mai.

Idan giyabos ɗan Beljiyam za ka saya a kasuwar kayan mota ta Ladipo da ke Legas, haɗa lambarsa da ta wanda aka cire. Kusoshi na iya dacewa alhali haƙoran ciki sun bambanta.

Masu sa babbar taya don rage kukan, su sani 185/70 R14 tana sauke juyi da kimanin kashi 6 cikin ɗari ne kawai, motar ta yi nauyin tashi, maleji kuma ya riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka.