Yadda Ake Warware Saɓanin Takardun Zamanin Turawa Wajen Bin Salsalar Gida

Mai bin salsalar gidansu a Arewacin Najeriya, da zarar ya shiga shekarun 1903 zuwa 1960, zai tarar da takardu suna ƙaryata juna. A ce rajistar makaranta ta nuna an haifi kakanka a 1921, takardar fansho ta ce 1926, gwaggo kuma ta dage cewa a shekarar marisuwa aka haife shi, wato annobar murar 1918. Kada ka ce za ka bi rinjaye. Takardu uku da suka yi baki ɗaya, sau tari daga bakin mutum ɗaya suka fito, wannan magatakarda ya kwafa daga wancan. Kowace takarda akwai dalilin da ya sa aka rubuta ta, kuma a kan wannan dalilin ne kawai take da ƙarfi.

Kafin ka ce takardu sun saɓa, tabbatar mutum ɗaya suke magana a kai. Rabin rikicin a nan yake ƙarewa. Garba shi ne Abubakar, Audu shi ne Abdullahi, Shehu yakan zama Usman, Sanda kuma Umaru. Ɗan fari da uwarsa ba ta faɗin sunansa saboda alkunya, zai iya rayuwa har ya mutu da laƙabi, sunan yankansa sai a takardar alƙali. A gida ɗaya za ka samu 'yan'uwa huɗu duk Muhammadu, abin da ya raba su shi ne Sani, Salisu, Rabi'u da Hamisu, magatakarda kuwa Muhammadun kawai ya rubuta. Ga jika da aka yi wa takwara da kakansa. Idan ka ga mutum ya biya haraji a 1912 kuma ya shiga elementare a 1938, ba kuskuren kwanan wata ba ne, kaka ne da jika. Haka sarauta: «Galadima» a rahoton 1915 da «Galadima» a na 1930 ba lalle mutum ɗaya ba ne, kuma ana ɗauke hakimi daga wannan gunduma a kai shi waccan da sarautarsa. Sunan gari da makarantun boko suka riƙa liƙa wa ɗalibai, kamar yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari, yana nuna inda yaro ya fito ne, ba ya tabbatar da dangantaka tsakanin masu ɗauke da shi. Kada ka haɗa takardu biyu a kan mutum ɗaya sai aƙalla abubuwa biyu bayan suna sun dace: sunan uba, unguwa ko ƙauye, sana'a, ko sunan dagacin lokacin.

Bayan nan, ka ware shafi guda ga kowace tambaya. Shekarar haihuwa shafinta daban, sunan uba daban, garin asali daban. A ƙarƙashin kowace da'awa rubuta wanda ya faɗa, wanda ya rubuta, shekarar da aka rubuta, harshen da aka yi magana da shi, da abin da mai faɗin zai samu ko zai rasa. Wannan na ƙarshen shi ya fi buɗe ido.

Dubi shekaru. Malamin haraji bai damu da ranar haihuwa ba, abin da yake so shi ne ko namiji ya isa biya, iyaye kuwa suna da dalilin rage wa saurayi shekaru. Mai neman shiga soja yakan ƙara, mai neman shiga makaranta ko aikin En'e yakan rage, wanda ya yi rantsuwar shekaru a kotu bayan ya manyanta kuwa yana kallon ranar ritaya. Shekarun da Bature ko tafinta ya ƙiyasta da ido suna taruwa a kan 20, 25, 30, 40. In ka ga lamba mai ƙarewa da sifiri ko biyar, ba ta sararin shekara biyar gaba da baya. A ɓangaren Nijar, takardun Faransa sukan faɗa ƙarara cewa «wajajen» shekara kaza aka haifi mutum, kuma 1 ga Janairu a irin waɗannan takardu yawanci cike gurbi ne. Akwai wata shekara da ta cancanci a yi hattara da ita: dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba bawa ba. Saboda haka a shari'o'in fansar bayi, har zuwa 1936 da aka soke bauta gaba ɗaya, shekarun mutum abin jayayya ne, kowane ɓangare yana jan su inda zai amfana. A irin waɗannan takardu kuma, sunan da ke gurbin uba wani lokaci na ubangida ne.

Ƙa'idar ita ce takardar da aka rubuta kusa da aukuwar abu, daga bakin wanda ya gani, ta fi wadda aka rubuta bayan shekara talatin. Rubutun da malami ya yi a gefen littafinsa ranar suna ya fi takardar fansho nesa ba kusa ba, ko da babu hatimi a jikinsa.

Sai dai wannan rubutun da Hijira zai zo, kuma nan ma ana samun saɓanin da ba saɓani ba. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Don mai da ita Miladiyya, ka raba shekarar da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1340: rabawa ta ba da wajen 41, saura 1299, a ƙara 622 ya zama 1921. Amma 1340 ta fara ne a Satumbar 1921 ta ƙare a 1922, don haka takarda mai 1921 da mai 1922 duk za su iya zama daidai. Tsohon da aka ce ya rasu yana da 66 a lissafin wata, 64 yake da su a lissafin Turawa.

Maganar tsofaffi ba ta zuwa da lamba, da aukuwa take zuwa, kuma ta fi yadda ake zato inganci in an san yadda ake tambaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, yunwar 'Yar Buhu 1927, zuwan Sarauniyar Ingila 1956. Sarakuna ma ma'auni ne: Abbas ya yi sarautar Kano daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Dikko a Katsina daga 1906 zuwa 1944. Kada ka tambayi tsohuwa shekarar haihuwar wanta. Tambaye ta: lokacin yunwar, yana goye ne, ko ya fara kiwo, ko ya yi aure? Wa ya girmi wa? Da wa aka yi masa kaciya? Jerin haihuwa a ɗaki ɗaya ba ya cika rikicewa, kuma tazarar shekara biyu zuwa uku tsakanin 'ya'yan mace ɗaya tana ba ka ma'aunin gwada lambobin takarda. Ka zauna da kowane tsoho shi kaɗai, domin a gaban babba ƙarami ba ya musu. Ka kuma tambaye shi a ina ya ji. Littattafan larduna da Turawa suka buga wajajen 1920 sun ɗauko salsalar sarauta daga bakin waɗanda ke kan gado a lokacin, daga baya aka karanta su a makaranta, suka dawo bakin mutane a matsayin «abin da muka gada». Idan labarin baka ya yi daidai da bugaggen littafi kalma da kalma, shaida ɗaya kake da ita, ba biyu ba.

A kan wa ya haifi wa, babu kamar takardar rabon gado ta kotun alƙali. Magada suna wurin, kowa yana sa ido, kuma kuskure yana nufin asarar gona. Ita ce ke raba ɗan ciki da ɗan riƙo, wanda jerin haraji da rajistar makaranta sukan rubuta da sunan kawu ko baffan da ya riƙe shi. Amma tana da nata gibin: ɗan da ya riga ubansa rasuwa ba ya cikin magada, 'ya'yansa ma ba sa shiga idan mamacin ya bar ɗa namiji. Rashin suna a takardar gado ba hujja ba ce ta cewa ba a haifi mutum ba.

Rubutu kansa yana haifar da mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba. A rubutun hannu irin namu na warash, fa'un ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, wanda ya saba da bugun Gabas zai karanta su a juye. In babu wasali, Hasan da Husaini ɗan ƙaramin lanƙwasa da ɗigo biyu ne tsakaninsu. A boko kuwa, Gwandu ta zama Gando, Faransawa suka mai da Usman Ousmane, Yusufu kuma Issoufou. Karanta sunan da ƙarfi kafin ka yanke cewa baƙo ne. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin larduna ke ɗauke da alamomi irin su KANOPROF da SOKPROF, ka ɗauki hoton bangon fayil mai lamba, da shafin da ke gaban naka da na bayansa. Gyaran da Razdan ko Di'o, wato Turawan mulki na lardi da na yanki, ya yi da alƙalami a gefe yakan rushe abin da aka buga da tafireta.

Wani saɓanin ba zai warware ba. A nan sai ka rubuta iyaka: «an haife shi tsakanin 1918 da 1921», ka sa wadda ka fi rinjayarwa da dalilinka cikin jimla biyu, ka bar da'awar da ka ƙi a ƙasanta tare da lambar fayil ko sunan wanda ya faɗa da ranar da kuka zauna. A jikin zanen salsalar, haɗa sunayen da aka tabbatar da miƙaƙƙen layi, waɗanda ake zato kuma da layi mai ɗigo-ɗigo, kuma ka tabbata ɗigon ya fito a duk kwafin da za ka raba wa dangi.