Yadda ake sulun iska a kan ruwa da daddare da fitila a hular kwano

Sulun iska wasa ne da mutum ke tsayawa a kan dogon allo bisa ruwa, yana riƙe da tantin da aka ɗaura a doguwar sanda, iska na bugun tantin tana tafiya da shi. Tun 1968 da Jim Drake da Hoyle Schweitzer suka nemi rajistar ƙirarsu a Kalifoniya, har zuwa 1984 da wasan ya shiga gasar Olamfik, da rana aka san shi. Amma akwai masu fita bayan faɗuwar rana. Wani, aiki ne ya cinye masa yini, wani, iskar wurinsu ba ta kankama sai yamma lis, wani kuma ruwan da babu kowa ne ke jan hankalinsa. Da fitilun LED suka ƙanƙance, haskensu kuma ya ƙaru, sai ya zama mutum na iya ɗaura ɗaya a hular kwano ya shiga ruwa.

Sai dai fitilar nan ba ta mayar da dare rana. Mai gudun kilomita 37 a awa, wanda ba wani gudun a-zo-a-gani ba ne a wannan wasa, yana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. In fitilarsa na nuna masa mita 30 a gaba, daƙiƙa 3 kacal ke tsakaninsa da duk abin da ya hango. Don haka wannan bayani ba na ɗan koyo ba ne. In har yanzu sai ka dubi hannunka kafin ka juya, ko ba ka iya tashi daga cikin ruwa da ƙarfin iska, ko komawa inda ka taso yana ba ka wuya, to ka bar dare tukuna.

Mataki na farko: ka san ko doka ta yarda

Ba ko'ina aka halatta ba. A Faransa, dokar ƙananan jiragen ruwa ta taƙaita wannan wasa ga rana kawai, kuma ba a wuce mil 2 na teku daga mafaka. A hanyoyin jiragen teku na Jamus ma an hana shi da dare. Ka tambayi hukumar da ke kula da ruwan da kake son shiga, in ta ce a'a, magana ta ƙare.

Inda aka yarda, yawanci ana lissafa allon a matsayin ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Ƙa'idojin duniya na kauce wa karon jiragen ruwa, na 1972, sun ce irin wannan jirgi da bai kai mita 7 ba, in ba zai iya ɗaukar cikakkun fitilu ba, dole ya kasance da farar fitila a kusa, a nuna ta da wuri don kada a yi karo. Fara, ba ja ko kore ba. A teku jan haske na nufin gefen hagu na jirgi, kore gefen dama, kuma matuƙin da ya hango su zai karanta maka alkiblar da ba taka ba. Mai walƙiya da ƙarfi ma ƙa'idojin sun ce a guje ta wajen jan hankali.

Mataki na biyu: ka karanci wurin da rana

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wurin da za ka shiga da dare ya zama wanda ka sani ciki da bai, kuma ka sake zagaya shi a yinin ranar, domin masunta kan kafa raga yau a inda jiya babu komai. Ka lura da duwatsu, da turaku, da igiyoyin da aka ɗaure kwale-kwale, da inda ruwa ke raguwa har fiffiken ƙasan allo ya taɓa yashi. Mafi kyau shi ne ruwa mai kwanciya da gaɓa ta kewaye, wanda in ka faɗi za ka iya tsayawa da ƙafa a mafi yawansa, nesa da hanyar jirage. Sannan ka tambayi kanka: in komai ya lalace, iska ta tura ni yadda ta ga dama, ina zan fita? In amsar ita ce tsakiyar teku ko kan duwatsu, nemi wani wuri.

Mataki na uku: zaɓen dare

Nan ne mutane suka fi ruɗuwa, kuma iska ce ke ruɗa su. Da rana ƙasa kan fi ruwa saurin ɗaukar zafi, sai iska ta riƙa busowa daga ruwa zuwa tudu. Rana na faɗuwa ƙasa ta fara hucewa, wannan iskar ta mutu, daga baya ma ta juya tana fita daga tudu zuwa ruwa. Wato iskar da ta ba ka sha'awa da la'asar tana iya yasar da kai bayan magariba, sannan ta shiga tura ka waje. Abin da kake nema shi ne iskar da yanayin yankin gaba ɗaya ya kawo, wadda hasashe ya nuna za ta kwana, mai busowa ta gefen gaɓa ko ta karkato kaɗan zuwa tudu. Matsakaiciya ta isa, kamar kilomita 22 zuwa 33 a awa. In ana hasashen hadari ko hazo, kada ma ka fito da kaya.

Wata ya fi kowace fitila amfani. Daga 11 zuwa 14 ga wata, rana na faɗuwa ka same shi ya fito, yana nuna maka bakin sama da siffar igiyar ruwa. Bayan ya cika kuwa, kullum sai ya makara da kusan minti 50, don haka daren 17 yana iya barin ka cikin duhu a daidai lokacin da kake ruwa. Amma a teku farin wata yana zuwa da nasa sharaɗi: lokacin cikar wata ne cikar teku da janyewarta suka fi ƙarfi, jan ruwa ma haka. Ka duba jadawalin, ka guji lokacin da ruwa ke janyewa.

Mataki na huɗu: fitila da hula

Hular ta zama ta wasannin ruwa, mai ramukan da ruwa ke fita, irin masu lambar EN 1385. Ta keke ko ta babur ba ta dace ba. Kada ka huda ta don ka kafa fitila, hudawa na raunana ta.

Fitilar kuwa, fara duba lambar jure ruwa. IPX7 na nufin an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30, IPX8 ta fi haka. Duk wadda ke ƙasa da waɗannan ba a yi ta don nutsewa a ruwa ba, faɗuwa ɗaya da gudu na iya kashe ta. Na fi son wadda batirinta ke jikinta, mara nauyi, mai maɓalli babba da yatsa mai sanyi zai lalubo. Mai batir daban da waya tana da haske, amma waya a kusa da wuya, ga igiyoyin da ake saƙala ƙugiyar ɗamarar ƙugu a kansu suna lilo, abu ne da ban yarda da shi ba.

Kada yawan lumen, wato ma'aunin ƙarfin hasken fitila, ya ruɗe ka. Haske mai tsanani yana bugun feshin ruwan da ke tashi a gabanka ya dawo maka cikin ido, kamar direban da ya kunna doguwar fitila cikin hazo. Tantin ma, musamman mai leda garai-garai, yana maido da haske. Ga wata matsalar da ba a cika faɗa ba: da yake fitilar na dab da idonka, inuwar kowace igiyar ruwa tana ɓuya a bayanta, sai ruwa mai tudu da kwari ya yi maka kamar shimfiɗaɗɗe, sai dai ka ji allo ya daki abu. A ganina lumen 300 zuwa 600, mai haske a baje ba mai tsini ba, ya wadatar, a ajiye mafi ƙarfi don lokacin neman wani abu. Ka kafa ta a saman hula, ka sunkuyar da ita kaɗan yadda hasken zai sauka mita 10 zuwa 15 gaban hancin allo.

Ɗaurin ya kasance mai saki. In iska ta fizge ka kanka ya bugi sanda, gara fitila ta ɓalle da ta karya maka wuya ko ta nutse cikin hula. Maɗauri mai manne ko na roba ya isa, tare da ɗan siririn zare gajere da zai riƙe ta kada ta ɓace, wanda shi ma zai tsinke in an ja shi da ƙarfi. A bayan hular ka manna ƙaramar farar fitila mai ci ba ƙiftawa, domin ta gaba sai wanda ka fuskanta ne ke ganin ta.

Kafin ranar, ka tsoma fitilar a bokiti tana kunne, ka duba ko ruwa ya shiga. Ka cika batir, ka kunna ta a hasken da za ka yi amfani da shi, ka ga awa nawa take yi da gaske, domin da yawa kan rage haske da kansu bayan 'yan mintoci, sanyi kuma na cin batir. Abin da ka samu, rabinsa ne iyakar zamanka a ruwa. Tocila ta biyu tana cikin aljihun rigarka, a ɗaure.

Mataki na biyar: sauran kaya

Tanti ƙarami, allo babba. Ka rage tantin da kusan rabin murabba'in mita zuwa ɗaya daga abin da za ka ɗaura da rana, domin ba za ka ga bugun iska yana tahowa a kan ruwa ba. Allon ya zama wanda zai ɗauke ka a tsaye ko iska ta mutu: da lita ake auna girman allo, kuma lita 1 na ɗaukar kilo 1, don haka mai nauyin kilo 75, da kayansa, ya nemi lita 115 zuwa sama, kuma igiyar ɗaga tanti tana nan. Sai rigar hana nutsewa, da usur, da rigar roba mai kauri fiye da ta rana, tunda ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Waya a jakar hana ruwa, ko rediyon VHF, wanda tasha ta 16 ce ta neman agaji.

Ka haskaka kayan su ma. Sandar haske irin wadda ake lanƙwasawa ta kama, ɗaya a ƙolin sanda, ɗaya a wutsiyar allo, da salatif mai ƙyalli a ɓangarorin tanti biyu. In ka rabu da allo cikin duhu, iska na tafiya da shi fiye da saurin iyonka, kuma wannan ɗan hasken ne kawai zai nuna maka inda ya nufa.

Mataki na shida: mutane da fitilun gaɓa

Ba a fita mutum ɗaya. Aƙalla biyu a ruwa, ɗaya a tudu wanda aikinsa kallo ne kawai, ya san lokacin fitowarku da lambar masu ceto, ya kuma san a wane minti zai kira su ba tare da jira ba. Ku tsayar da ishara tun a ƙasa: wace ce ta lafiya lau, wace ce ta ku dawo, wace ce ta a kawo ɗauki.

Daga cikin ruwa duk fitilun tudu kama suke yi, shi ya sa ake kafa biyu a jere. Ɗaya a ƙasa kusa da ruwa, ɗaya a bayanta da tazarar mita 20 zuwa 30, a ɗage. In ka gan su ɗaya bisa ɗaya, kana kan layin gida. In sun rabu, ka nufi ɓangaren da ta ƙasa ta karkata har su sake haɗuwa. Wannan dabara ce da jirage ke shiga tasha da ita, don haka kada ku kafa naku inda wani matuƙi zai ɗauka na tashar ne.

Mataki na bakwai: cikin ruwa

Ka haɗa kaya da sauran haske, ka shiga kafin duhu ya rufe, dare ya same ka kana kai. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya kuma ya rushe wannan. Ka fara da haske mafi ƙanƙanta. In wata ya yi kyau za ka tarar ka fi gani da ƙaramin haske.

Zangonka ya zama gajere, mita 200 zuwa 300 ka juyo, kuma kullum ka tsaya ta saman iska daga inda ka taso, don in abu ya ɓaci a turo ka gida. Ka rage gudu, ba tsalle, ba sabon salo. Kunci da kunne su yi maka aikin da ido ya saba yi: iska a fuska, nauyin mariƙi, wato sandar da ake riƙe tanti da ita, a hannu, ƙarar ruwa a ƙarƙashin allo. Ka riƙa duba gaba ta gefen sanda, ba ta cikin tanti ba. In za ku gifta da abokinka, kowa ya kawar da kai, domin haska masa ido na makantar da shi na daƙiƙoƙi, kuma wanda hannunsa na hagu ke gaba a mariƙi shi ne zai kauce. A ruwan teku masu ɗumi akwai wani dogon kifi mai tsinin baki da haske ke sa shi tsalle sama da ruwa, yana raunata masunta. Inda aka san da shi, ka tambayi masu kamun kifin wurin kafin ka haska ruwa.

In ka faɗa ƙarƙashin tanti

Wannan ne abin da ya fi firgita mutum. Fitila na bugun kumfa da tanti, komai ya yi fari fat, ba ka san sama ba ka san ƙasa ba. Kada ka tura tantin da kai, ruwa ya danne shi. Fara cire ƙugiyar ɗamara. Ɗaga hannu ka taɓa tantin, ka lalubo ɗaya daga cikin sandunan da ke kwance a jikinsa, ka bi ta ɓangare ɗaya ba canji har ka kai baki. Ka gwada wannan da rana a ruwa mara zurfi, ido rufe, wani na tsaye kusa, har hannunka ya haddace.

In iska ta mutu ko wani abu ya karye, kada ka bar allo ka ce za ka yi iyo, komai kusancin da fitilun tudu suka nuna. Ɗora mariƙi a kan wutsiyar allo yadda tanti zai fita daga ruwa, ka kwanta rub da ciki, ka tuƙa da hannu. Ka ba na tudu ishara tun da wuri, tun kana da ƙarfi.

Da kun fito, ku ƙirga juna, ku sanar da duk wanda ke jiran labari. Ka ɗauraye fitila da ruwa mara gishiri, ka bari ta bushe sarai kafin ka buɗe wurin batir ko wurin caji, sannan ka duba zoben robar da ke hana ruwa shiga, in ka ga yashi ko tsagewa ka share ko ka canja shi kafin fita ta gaba.