Yadda dattijo zai sabunta lasisin tuƙinsa a Najeriya

Cike fom da biyan kuɗi ba su ne ke wahalar da dattijo wajen sabunta lasisi ba. Abin da ke sa mai shekara sittin ko saba'in ya yi ta zarya abu uku ne: ido, saɓanin bayanai tsakanin lasisi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da yatsun da na'ura ta ƙi ɗauka. Duka ukun ana iya magance su tun kafin a taka ofishin lasisi.

A fara da ido, wata biyu kafin ranar ƙarewar da ke rubuce a jikin katin. Gwajin da ake yi a wurin lasisi na ganin nesa ne, don haka tabaran karatu da ake saya a kasuwa ba zai yi amfani ba, shi aikinsa kusa ne kawai. A je asibitin ido na gaske, irin su Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko sashen ido na babban asibitin jiha. Za a tsayar da mutum mita 6 daga allo, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya. Wanda bai yi boko ba kada ya damu, akwai allo mai harafin E kaɗai, nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta kawai ake yi.

Kada a tsaya a kan allon. A nemi likita ya auna hawan jinin ido, ya kuma duba gani na gefe. Wannan ciwo daga gefe yake fara cin gani, ba zafi ba ja, mutum yana karanta allo tsaf amma ba ya ganin ɗan acaɓan da ya fito masa ta hagu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanar ido kuwa da dare ta fi nuna kanta: fitilar motar da ke tahowa ta baje ta rufe hanya. Ita ana cire ta da aiki, amma sabon tabarau sai bayan mako huɗu zuwa shida ake auna shi, shi ya sa muka ce wata biyu. Mai ciwon suga ya faɗa wa likita don a duba bayan idon. Idan za a ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, gani zai dushe na wasu awanni, a zo da wanda zai tuƙo mota zuwa gida.

Sai takardu. A ajiye tsohon lasisi da takardar NIN gefe da gefe, a karanta harafi bayan harafi. Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, shekarun rantsuwar kotu aka yi musu, wani lokaci sau biyu da ranaku daban. Wani kuma Muhammadu ne a lasisi, Mohammed a NIN, ko sunan gari ya zama sunan uba. In ranar haihuwa ko suna suka saɓa, aikin zai iya tsayawa. Gyaran NIN na hukumar da ke ba da lambar ne, wato NIMC, da kuɗinsa daban, kuma ba a rana ɗaya yake fitowa ba. In kuskuren a lasisi yake, a kai maganar cibiyar lasisi da takardun shaida.

Fom ɗin a shafin intanet na lasisin tuƙi na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ake cike shi. A zaɓi sabuntawa, a saka lambar tsohon lasisi da ranar haihuwa, bayanai za su fito. Idan ɗa ko jika ne ke cikewa, ya saka lambar wayar Baba ko Hajiya wadda take aiki, ba tasa ba kuma ba ta mai shagon kwamfuta ba, don ta nan saƙo ke zuwa. Wanda katinsa ya ɓace, sake fitarwa zai zaɓa, ba sabuntawa ba. In an saka lamba daidai shafin ya ce bai san ta ba, sau da yawa lasisin na bogi ne da wani ɗan kamasho ya yi wa mutum shekarun baya bai sani ba. A nan sai dai a fara neman sabo ta makarantar koyon tuƙi mai rajista.

Kuɗin da aka sanya daga watan Yunin 2025 shi ne naira 15,000 na shekara uku da naira 21,000 na shekara biyar ga mota. Babur da Keke Napep 7,000 ne da 11,000. Abin da shafin ya nuna ranar biya shi ne abin bi. A biya da kati ko a banki, a buga fom da rasit, a yi musu kwafi biyu. A ganinmu na shekara biyar ya fi wa dattijo sauƙi a kuɗi da zirga-zirga, da sharaɗin kada ya ɗauki tsawon wa'adin a matsayin shaidar lafiya. Duba ido duk shekara yana nan daram.

Hukumomi uku ne ke da hannu a lasisi, kuma a garuruwa da yawa harabarsu ɗaya: hukumar haraji ta jiha tana tabbatar da biya, jami'in duba lafiyar motoci, VIO, yana sa hannu kan cancantar tuƙi, FRSC kuma tana ɗaukar hoto da zanen yatsu. Direban haya ko na babbar mota ya riƙe takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. A je da sassafe, a karya kumallo, a sha maganin safe kamar kullum, musamman mai allurar insulin, saboda layi yana iya kaiwa azahar. A sa tabaran nesa, a tafi da shi a fuska.

Wajen yatsu ne aka fi samun cikas. Fatar tsoho bushewa take yi, zanenta ya shafe, balle wanda ya yi shekaru yana noma ko kanikanci, balle kuma lokacin hunturu. A riƙa shafa man kaɗanya ko basilin a yatsu da dare har mako guda kafin ranar, amma ranar kanta a je da hannu wankakke ba maiƙo. A murza tafukan hannu su yi ɗumi kafin a ɗora. Iyaye mata su haƙura da lalle a kan yatsu na makonni biyu ko uku, duhunsa yana hana na'ura gani. Wanda yatsansa ya yanke ko ya lanƙwashe ya faɗa wa jami'i tun farko.

Bayan ɗaukar hoto za a ba da lasisin wucin gadi na kwana 60. A riƙe shi tare da rasit a cikin mota, kuma in wa'adinsa ya kusa cika katin bai fito ba, a koma cibiyar da aka yi hoton a tambaya. Tarar tuƙi ba lasisi mai aiki naira 10,000 ce.

Akwai abin da babu jami'in da zai tambaya, sai mutum ya duba da kansa, wato magungunan da yake sha. Piriton da wasu magungunan mura suna sa barci, haka maganin kwantar da hankali diazepam. Magungunan ciwon suga irin su insulin da glibenclamide suna iya sauke suga har hannu ya yi rawa, gumi ya karyo, hankali ya rikice a tsakiyar hanya, don haka a ajiye dabino ko sukari kusa da sitiyari, a tsaya a gefe da zarar an ji alamar. Sabon maganin hawan jini kan kawo jiri a kwanakin farko. A kwashi magungunan duka a leda a kai wa likita ranar duba ido, a tambaye shi wanne ne bai dace da tuƙi ba. Wanda ya taɓa suma, ko ya yi shanyewar ɓarin jiki, ko ya fara ɓata hanya a unguwar da ya sani, kada ya biya kuɗin lasisi sai likita ya ce ya tuƙa. In matsalar ta dare ce kawai, a sabunta lasisin, a mayar da fita tsakanin hantsi da la'asar, tafiyar dare da doguwar hanya kamar Kano zuwa Abuja a bar wa yara.