Yadda Za a Kare Ma'aikata Daga Jan Wutar Lantarki a Wurin Aiki

A yawancin masana'antu, ofisoshi da shagunan walda a Najeriya, wuta tana shigowa ta hanya fiye da ɗaya: ta kamfanin rarraba wuta, ta janareta, a wasu wuraren har da inbata mai batura. Saboda haka ma'aikacin da ya kama waya don kawai ya ji an ce an ɗauke wuta ya jefa ransa cikin haɗari, domin ana iya dawo da ita babu sanarwa, kuma ƙarfin wuta na bolt 230 da ke layin gida ya isa ya halaka mutum.

Kafin kowane gyara, wajibi ne a kashe babban makunni, a raba layin da dukkan waɗannan hanyoyi, sannan mai gyaran ya sa wa akwatin kwado, ya riƙe mabuɗin a aljihunsa, ya rataya takardar gargaɗi. Kwadon ya fi takardar amfani, domin wanda zafi ya dama yana neman kunna fanka ba lallai ne ya tsaya karanta rubutu ba. Daga nan sai a auna wayar, amma a fara gwada na'urar awon a kan layin da aka san yana da wuta, don kada lalatacciyar na'ura ta yaudari mai aiki.

Nauyin da ke kan mai wurin shi ne ya sa makunnin sauya layi tsakanin janareta da wutar gari, yadda wuta ba za ta koma kan fol ta kama ma'aikatan da ke gyara a waje ba. Ya kuma tabbatar akwai wayar ƙasa mai kyau, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, tare da na'urar RCD ta miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta jikin mutum. Fis dai waya yake karewa daga ƙonewa, kuma ɗaure shi da zaren tagulla idan ya tsinke gayyatar gobara ce. Hukumar NEMSA ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a shekarar 2015, ita ke da alhakin duba ingancin irin wannan haɗin wuta.

Idan wuta ta ja wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni nan take, in kuwa ya yi nisa a ture wayar da busasshen katako, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya miƙe da ƙafarsa, domin bugun zuciya yana iya rikicewa daga baya.